Kunnuwan Shanun Modibbo

A tashar Gummi kowa ya san Surajo da abu guda: ba ya zana abin da bai gani ba. Sauran masu fentin mota zaki suke yi a bayan bodi, ko jirgin sama, ko wani ƙato ya shaƙe maciji. Shi kuwa in direba ya ba shi gingimari, sai ya zana masa jakin mai ruwan tasha da gyambon da ke gadon bayansa, ko tsohuwar da ke tuyar ƙosai da giɓinta. Mutane su taru suna nunawa suna dariya. 'Yan kamasho har tsokanar juna suke yi da shi, wai kowa ya gyara zama ga Surajo nan, kada gobe mutum ya ga kansa a bayan mota ana kai shi Legas yana sakace haƙori.

Shi ba ya dariya. Ɗan Bukkuyum ne, ya gama sakandare, ya jira aiki har ya gaji da jira. Uba ya rasu, sai Innarsa Tabawa da gona guda a bayan gari. Hannayensa kullum warin kananzir suke, da shi yake wanke burushi.

Bayan shekarar da ciwon bushiya ya shiga shanu ya yi ta kisa, wani jami'in al'adu ya zo daga Sakkwato. Sunansa Maikuɗi, haifaffen Anka, mutum mai fara'a da yawan magana. Ya ce za a yi bikin nunin amfanin gona da al'adu a Gummi bayan kaka, kuma yana son allo babba, zane guda da zai ɗauke ƙasar nan duka daga Anka har Gummi: manomi da makiyayi, masunta, 'yan kokawar Dakarkari, har telan nan Bayarabe na bakin kasuwa. Kowa ya zo ya ga kansa, ya ga maƙwabcinsa a gefensa. In zanen ya yi kyau za a wuce da shi Sakkwato, mai shi kuma a nema masa gurbin karatun zane a Zariya.

"Kai dai ka cika shi da mutane," in ji Maikuɗi. "Kada wani ya zo ya ce an bar kakanai waje."

Maganar Zariya ta tsaya wa Surajo a rai. Ran nan tuwonsa ya huce a kwano bai taɓa ba.

Sauran mutanen ba su ba shi wahala ba, kullum yana ganinsu. Makiyayi yake so a tsakiyar allon, kuma ya san wanda yake so. Modibbo ne, wani dattijon Bafillace da ke da ruga tsakanin Bukkuyum da Nasarawa Burkullu. Tun Surajo bai san kansa ba shanun Modibbo ke kwana a gonarsu da rani suna zuba taki, su kuma su bar masa kara su ba shi dawa. Matarsa Marka ita ke kawo wa Inna nono ran kasuwa. Su zauna a tabarma guda suna zagin wasa, wannan ta ce Kaɗo mai cin tuwon jiya, wannan ta ce 'yar daji wadda ba ta san ƙofa ba.

Modibbo bai so ba. Ya ce bai ga amfanin a manna fuskar mutum a katako yana raye ba. Sai da Marka ta sa baki, ta ce ɗan Tabawa ne fa, in abin zai kai shi makaranta a bar shi. Sannan ya yarda, da sharaɗi.

"Ka dube ni yadda kaka so. Amma kada ka ƙidaya min shanu."

Ba wani abin ƙidayawa. Garken da Surajo ya sani a da, wanda in ya shiga gona ba a ganin ƙasa, ya koma 'yan tsirarun shanu masu haƙarƙari a waje. Dangwali, doguwar igiyar nan da ake ɗaure maruƙa, rabinsa madaukai ne wofi. Modibbo ya san kowace saniya da sunanta, da uwarta, da kakarta. Da safe yakan bi su yana cire kaska yana yi musu magana ƙasa-ƙasa. Surajo ya yi kwanaki a rugar yana shan fura yana kallo. Ya ga tabon da ƙaho ya bar wa Modibbo a ƙasan ido. Ya ga tsamiyar da tsawa ta tsage a gefen inda shanu ke kwana. Ya ga wani maraƙi mai ɗingishi. Ya ga kuma kowace saniya an datse mata tsinin kunnen hagu. Ya san shaida ce, kamar yadda kowa ya sani, amma ya ɗauke ta kamar tsagar fuska: kowane gida da tasa, abin ado da sanin asali.

Ya koma Gummi ya zana abin da ya gani. Da Maikuɗi ya zo dubawa ya yi ta yabo har ya iso kan shanun, sai ya tsaya ya cire hula ya sosa kai. Ya ce manyan baƙi za su zo, ba za a nuna musu ƙasusuwa ba. Biki ake yi, ba zaman makoki ba. Kuma Fulanin ƙasar nan ba gida ɗaya ba ne. Akwai na wajen Anka, akwai na dajin Gwashi, akwai masu jajayen shanu. Ina nasu? A cika garken, kowa ya ga nasa.

Surajo ya yi musu kaɗan, ya bari. Ta wani gefen maganar ta yi masa daidai. Shanu kuwa cike suke a kansa, don idonsa ba ya yar da abin da ya ɗauka. Ya riƙa zaro su ɗaya bayan ɗaya, waɗanda ya gani a kara, inda ake sayar da shanu ran kasuwa, waɗanda ya gani a bakin gulbi, kowace da launinta da shaidar kunnenta, ya jera su a bayan Modibbo. Wadda ta fi kyau ya sa ta daidai kafaɗarsa ta dama. Jar saniya ce mai farin goshi, ƙaho ɗaya ya karkace ya yi ƙasa, kunnen dama a tsage biyu kamar kofaton akuya. Bara ya gan ta a tasha, ana tura ta cikin wata motar 'yan kudu, shi yana tsugune yana fentin ta kusa. Ta juyo ta dube shi ta tsakanin katako. Bai manta ba.

Ran biki aka jingina allon a jikin rumfar manyan baƙi. Abin da Maikuɗi ya so ya faru. Masunta suka ga kansu suka yi ta nuna juna, telan ya ruga ya kirawo matarsa, wani Badakkare ya ce an rage masa ƙwanji, a ƙara. Fulani suka zo daga baya, suka tsaya a gefe da sanduna a wuya. Ba su damu da fuskar Modibbo ba. Kunnuwan suke bi.

Wani dogo daga cikinsu, mai furfura a gemu, ya matso har numfashinsa na taɓa fenti. Ya ɗora yatsa a kunnen jar saniyar, ya daɗe. Sannan ya tambayi wanda ya yi aikin. Aka nuna masa Surajo yana tsaye kusa da Maikuɗi cikin babbar rigar aro, wani babban mutum ya gama girgiza masa hannu ke nan.

"Samari, wagga nagge," ya nuna saniyar, "ka gan ta da idonka?"

Mutane suna ji. Maikuɗi yana murmushi. Surajo ya faɗi abin da ya saba faɗa.

"Baba, ni ba ni zana abin da ban gani ba."

Mutumin ya gyaɗa kai. Ya yi godiya, ya juya, 'yan uwansa suka bi shi. Ba su tsaya kallon kokawa ba.

Sai ran kasuwar Bukkuyum Surajo ya san ko wane ne dogon mutumin nan. Ya zo gida gaishe da Inna, ya tarar da Marka zaune a ƙofar ɗaki, ba ƙwarya ba faifai. Ba ta amsa gaisuwarsa ba. Inna ce ta yi bayani, tana kallon ƙasa. Mutumin sunansa Muntari, daga dajin Gwashi yake. Bara ɓarayi suka kore 'yan shanun da bushiya ta bar masa, suka kashe ɗansa Abubakar da ke kiwonsu. An bi sawu har ya ɓace. Jar saniyar nan tasa ce, Wule ake ce mata, ita ke jan garke, kuma tsagar kunnen ta gidansu ce tun kakanni. Yanzu ga ta a kafaɗar Modibbo, duk Gummi ta gani, mai zanen kuma ya ce da idonsa ya gan ta. Muntari ya kai ƙara wurin Arɗo, shugaban Fulanin yankin. Ana cewa Modibbo ne ke ajiye wa ɓarayi.

"Tun ba a haihe ka ba muke zuba maku taki," in ji Marka. Ba ta ɗaga murya ba. "Ɗan nan, mi munka yi maka?"

Aka zauna da hantsi a gindin wata ɗorawa a rugar Arɗo. Surajo ya taka da ƙafa ya je, ba wanda ya kira shi. Modibbo na zaune a buzunsa, tsakaninsa da na kusa da shi akwai filin da mutum zai kwanta. Surajo ya nemi izini ya faɗi komai: ƙasusuwa, manyan baƙi, motar 'yan kudu. Ya ce ya tara shanun gida-gida ne don kowa ya ga nasa. Ya ce saniyar ba ta taɓa taka rugar Modibbo ba.

Aka maimaita wa tsofaffi da Fillanci. Wasu suka dubi juna. Muntari ya bari ya gama, sannan ya shiga tambayarsa a hankali, kamar mai tambayar hanya. Tabon da ke fuskar Modibbo, akwai shi ko ƙari ne? Akwai shi. Tsamiyar da tsawa ta tsage? Tana nan. Maraƙi mai ɗingishi? Yana nan. To motar fa, ta wa ce, wane ne direbanta, ina ta nufa? Surajo ya tuna launin katakon, ya tuna wata ƙusa da ta fito kusa da idon saniyar. Bai dubi direba ba, bai dubi lamba ba.

"To," in ji Muntari. "Komi gaskiya na, sai tawa ɗai ta ƙarya. Gaban manya ka ce ka gani. Yau gaban mai ba ka hura ka ce ba ka gani ba. Wace za mu ɗauka?"

Wani tsoho ya ƙara da cewa shi tun da yake bai taɓa jin mai hankali ya ɗauki shaidar gidan wani ya sa a garken wani don ado ba. Shaida magana ce. Duk wanda ya sa ta ya san abin da ya faɗa.

Aka kawo Alƙur'ani. Modibbo ya yi alwala ya dafa ya rantse. Waɗanda aka aika duba garkensa suka ce ba jar saniya ko ɗaya. Arɗo ya ce magana ta ƙare, ba a kama shi da komai ba. Aka shafa fatiha. Da ƙwaryar fura ta zagayo ta zo hannun na kusa da Modibbo, ya sha, sai ya miƙa ta baya, ta tsallake Modibbo. Modibbo ya naɗe buzunsa. Bai dubi Surajo ba.

Abu ɗaya ya rage a hannun Surajo. Allon yana ɗakin ajiya a Gummi, ana jiran motar da za ta kai shi Sakkwato. Ya sami Maikuɗi ya ce zai shafe saniyar. Maikuɗi ya ji tausayi, da gaske ya ji, har ya ce zai yi wa masu gari magana. Amma allo kada a taɓa. Manya sun gan shi haka, saniyar nan ita ce idon zanen, in ya ɓata shi to ya manta da Zariya. Surajo ya ce to. Da Maikuɗi ya tafi sallar azahar, ya karɓi makulli a hannun maigadi ya ce gyara zai yi. Ya sa wuƙa ya kankare ta, goshi, ƙaho, kunne, har katako ya fito fari. A gurbinta ya zana suri, jan suri dogo irin wanda ke ko'ina a daji. Da ya fito ya ji sanyi a ransa, karon farko tun ran kasuwa. Ya ba da Zariya, ya ɗauka ya fanshi sunan Modibbo.

Maigadi ya faɗa wa mai shayi. Kafin kasuwa ta zagayo labari ya kai Gwashi: ɗan Tabawa ya shiga a ɓoye ya goge shaida. In ba gaskiya ba ce, don me aka goge? Wasu suka ce karsana Modibbo ya ba shi. Har launinta an faɗa. A tasha 'yan kamasho suka daina cewa a gyara zama. In ya wuce sai wani ya tambaye shi ko maraƙin karsanar tasa yana sha.

Maikuɗi ya yi faɗa, ya kira shi sakarai. Amma mota ta zo kuma ba wani allon, aka ɗora shi haka nan. A Sakkwato ba wanda ya san an taɓa yin saniya a wurin. Wani ma surin ya yaba.

Ranin nan shanun Modibbo ba su zo gonar Inna ba. Ba su je gonar kowa ba. In ya kai su mashaya sauran makiyaya sai su kaɗa nasu su koma gaba. Marka ta zagaya gari da nono ta koma da shi, matan da suka saba saye suna cewa sun riga sun saya.

Damina na gab da faɗuwa aka sare wa shanun Modibbo agara, jijiyar bayan ƙafa. Da rana tsaka aka yi, Modibbo yana can Nasarawa sallar Juma'a. Ba duka ba, manyan ne, masu ba da nono. Saniyar da aka sare wa agara ba ta sake tashi. Ya dawo ya tarar da su durƙushe suna jan jiki, ya zare wuƙa ya bi su ɗaya ɗaya, yana kiran sunan kowace kafin ya yanka. Mahauta suka zo daga gari suka kwashe naman. Ba wanda ya ga wanda ya yi. Muntari ya rantse ba shi ba ne, kuma mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Ba shi kaɗai aka yi wa sata a ƙasar ba, kuma yanzu kowa ya sami sunan da zai kira.

A makon ne Maikuɗi ya aiko cewa gurbin Zariya ya samu.

Surajo ya ji Modibbo da Marka sun tashi, ya cim musu a burtali, hanyar shanun da ta yi kudu. Lokaci ne da makiyaya ke dawowa gida don damina, su kuwa fita suke yi. Marka ta ɗaure ƙorenta a kan jaki. 'Yan shanun da suka rage suna gaba, mai ɗingishin nan a ƙarshe, ya fara zama ɗan bijimi.

Ya tsuguna a gefen hanya ya gaishe da Modibbo. Ya shirya magana tun daga Bukkuyum, duk ta tsere. Ya ce ya goge ta, Baba. Modibbo ya ce ya ji. Ya ce zai bi kasuwa-kasuwa ya faɗa wa mutane, zai je gidan rediyo. Modibbo ya ce kada ya wahal da kansa, don duk sanda ya motsa wata saniya ke faɗuwa.

Ya tsaya ya dubi garken, sannan ya dubi Surajo, karon farko tun gindin ɗorawa.

"Na ce kada ka ƙidaya su, kuma ba ka ƙidaya ba. Ban san ana ƙara ma mutum shanu ba, da wannan niy hana ka." Ya gyara sanda a wuya. "Ka gai da Tabawa. Ta nemi mai zuba mata taki."

Marka ta wuce shi ba ta waiwaya ba. Ya tsaya yana kallon bayan shanun, ƙugu da wutsiya da ƙafafu, har sabara ta rufe su.

Ya gaya wa Inna ba zai tafi Zariya ba. Ta ce in zamansa zai tayar da saniya ko ɗaya to ya zauna, in kuwa ba zai tayar ba ya tashi ya ba ta wuri, ta gaji da ganin fuskarsa. Ya tafi. Ya yi karatu, ya ƙware, sunansa ya fara fita a jarida. Yana aika mata takin zamani, tana aiko masa cewa gonar ta ƙi takin. Ya tambayi direbobi da fatake. Wani ya ce an ga Modibbo wajen Kontagora yana kiwon shanun wani mai hali, wani ya ce ba shi ba ne.

Shekaru bayan haka aka yi nunin zanensa a wani zaure a Kaduna. Maikuɗi, wanda ya zama babba a wurin aiki, shi ya buɗe taron. Ya ba da labarin yadda ya tsinto mai zanen a tasha hannu duk kananzir, da yadda aikinsa ke haɗa kan jama'a. Sannan ya jawo hankalin baƙi ga wani abu. Duk shanun Surajo baya suka ba mai kallo, kawunansu a sunkuye cikin ciyawa ko sun shige bayan juna, ba a ganin kunne ko ɗaya. Ba na wani gida ba ne, in ji shi, shi ya sa suka zama na kowa. Aka tafa.

Da aka watse ana kallo, wata mata mai tabarau ta daɗe a gaban babban zanen. Ta ce ita ma dangin uwarta makiyaya ne. Ta tambaye shi ko daga kansa ya fitar da waɗannan, ko ya gan su da idonsa.

Surajo ya dubi zanen. Burtali, jaki da ƙore, ɗan bijimi mai ɗingishi a ƙarshe.

"Na gan su, Hajiya."

Ta jira ya faɗi na wa ne. Bai faɗa ba.